Sabon aiki a gidan tsofaffi: in faɗa wa manaja ko in ja bakina?

Baƙuwa a Manchesta: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri na ɓoye sunana. Namiji aka haife ni, amma tun zuwana Ingila karatu a mace nake rayuwa, kuma da sunan mace aka san ni a nan. Ba fatawa na zo nema ba. Na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi, zan fara da gwajin wata shida. Fasfona da bizata duk tsohon suna ne a jiki, don haka ofishin ɗaukar ma'aikata dole su gani. Shin in samu manajar in gaya mata tun yanzu, ko in bari sai na gama gwaji? Kuma takardar DBS, wato hukumar da ke binciken tarihin laifin mai neman aiki, tsohon sunan zai fito a kanta? Abin da ya fi hana ni barci shi ne ranar intabiyu na ji wata ma'aikaciya tana waya da Hausar Zariya, kuma dangin mahaifiyata duk a can suke.

Kawu Sale: Ɗana, ka ji tsoron Allah ka dawo hanya. Aiki ba ya ƙarewa, lahira ita ce abin ji. Zan sa ka a addu'a.

Ɗan Sabon Gari: Aikin tsofaffi? Ki sayi takalmi mai laushi tukuna. Awa goma sha biyu a tsaye, wallahi sai kin manta sunan naki duka biyun.

Anti Hadiza: Ƙanwata, na yi aiki a ofishin ɗaukar ma'aikata, bari in amsa abin da kika tambaya. DBS suna da sashe na musamman don masu sauya jinsi. Ki tuntuɓe su kafin ki tura fom ɗin, ba bayan kin tura ba. Su za ki ba tsohon suna, su yi bincikensu, ba sai ya fito a takardar da za a miƙa wa wurin aiki ba. Amma ki tambaye su yadda za a yi tunda takardun shaidarki da tsohon sunan suke. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a nuna miki bambanci saboda wannan, tun daga ranar farko, ko tiyata ba ki yi ba. Katin da za ki rataya a ƙirji kuwa ba fasfo ba ne, ki ce a rubuta sunan da kike amfani da shi.

Malam Injiniya: Sai ya samu takardar amincewa da jinsi tukuna doka za ta kare shi, kuma fam 140 ce.

Anti Hadiza: Malam, labarinka ya tsufa. Tun 2021 aka mayar da ita fam 5. Kuma ba a buƙatarta don samun kariya a wurin aiki. Ita sai mutum ya nuna shekara biyu yana rayuwa a haka, da rahoton likitoci biyu, kuma ko an ba ta, fasfon Najeriya ba zai motsa ba.

Wadda Ta Gani: Anti, doka a takarda daban, doka a ɗakin shan shayi daban. Ni irinta ce, kuma na yi abin da ake cewa a yi. Na samu manajata na gaya mata komai. Baturiya ce, ta rungume ni, ta gyara min suna a jadawalin aiki, ba ta taɓa ɓata min ba. Ba Bature ne ya kashe ni ba, ɗan gida ne. Wani da muke aikin dare tare, wanda nake zuba wa tuwo daga kulata, shi ya ga ambulan ɗin albashina da tsohon suna. Ya ɗauke ni hoto ina ba wata tsohuwa abinci, ya tura wa ƙaninsa a gida. Kafin Juma'a hoton ya shiga zauren WhatsApp na danginmu. Mahaifiyata ta daina ɗaukar wayata. Kuɗin da nake turawa duk wata ana karɓa, muryata ce ba a so.

A wurin aikin kuma sai aka fara. Wannan ta ce ba za ta kama mara lafiya da ni ba, wancan ya ce bayansa na ciwo duk ranar da aka haɗa mu. Babu wanda ya zage ni a fili, to me zan rubuta a ƙorafi? Na ajiye aikin da kaina, ga bizata a hannun kamfanin take. Kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara. Duk hankalina ya tafi can. Da na natsu na nemi shawara, aka ce wa'adin wata uku na kai ƙara ya wuce. Don haka ƙanwata, manaja ba ita ce matsalarki ba. Bazazzagiyar nan ce.

Maman Ilham: Innalillahi. Ni ban yarda da abin da kuke yi ba, gaskiya zan faɗa, amma tona asirin mutum ga uwarsa daga wata ƙasa zalunci ne. Wanda ya ci tuwonki ya yi miki haka, Allah zai tambaye shi.

Ɗan Sabon Gari: Shi ya sa ni a wurin aiki ko Bahaushe ya yi atishawa ba na ce masa yarhamukallah. Ɗan Ghana nake ce musu.

Malam Injiniya: Kun manta hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na Afrilun 2025? An ce mace a dokar daidaito tana nufin wadda aka haifa mace. Zance ya ƙare.

Anti Hadiza: Bai ƙare ba. Alƙalan da kansu sun ce kariyar masu sauya jinsi daga wariya tana nan. Inda hukuncin zai iya taɓa ta shi ne banɗaki da ɗakin canza kaya, da kuma tsohuwar da ta ce mace kawai take so ta yi mata wanka. Wannan dalilin ne ya sa nake ganin gara manaja ta ji daga bakinta, ba daga bakin wani ba.

Wadda Ta Gani: Anti, ke a bayan tebur kika zauna. Ni na tsaya a layin.

Anti Hadiza: Haka ne. Amma da kin zo wurin irina da wuri, da an gaya miki shawarar ACAS, hukumar sasanta rikicin wurin aiki, kyauta ce, kuma tun 2017 ba a biyan kuɗin shigar da ƙara a kotun ma'aikata.

Baba Ƙarami daga Kano: Ni dai shawarata ka dawo gida. Abincin wani guba ne ga wani.

Maman Ilham: Ta dawo ta yi me, Baba? Kai da ba ka taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba, kana ba mutanen Manchesta shawara. A Kano Hisbah ce za ta tarbe ta.

Baƙuwa a Manchesta: Na gode. Anti Hadiza, na rubuta wa DBS. Wadda Ta Gani, labarinki ya sa ni kuka. Amma har yanzu ban gane ba, in samu Bazazzagiyar ne in roƙe ta, ko in yi kamar ba na jin Hausa?

Ɗan Sabon Gari: Kar ki ji Hausa. Ko ƙafa aka taka miki, da Turanci za ki yi ihu.

Nas Bilki: Af, nawa suka ce ki biya na DBS ɗin? Fam 38 na biya.

Anti Hadiza: Wancan tsohon farashi ne. Fam 49.50 ce tun Disamban 2024, kuma wurare da yawa su suke biya wa ma'aikaci.

Nas Bilki: To ni wani kamfanin da na yi wa aiki daga baya fam 85 suka zare daga albashina na farko, wai har da kuɗin yunifom. Riga ɗaya tal, wadda aka riga aka sa.

Malam Injiniya: Ke kin ci sa'a. Ƙanina gona ya sayar ya ba wani dillali don takardar ɗaukar nauyi. Ya sauka ya tarar kamfanin ba shi da aikin da zai ba shi, kuma dillalin ɗan unguwarmu ne, a sahu ɗaya muke sallar Idi.

Maman Ilham: Tun Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu wannan aikin daga waje, amma jiya-jiyan nan wata ta kira ni daga Kaduna wai an ce ta kawo miliyan goma.

Nas Bilki: Miliyan goma? Ni takwas na ji. Malam, dillalin naku a Landan yake ko a gida? Ka turo min ta akwati, ina jin mutum ɗaya ne ya cuce mu.