Rumbun hatsi na ƙungiya: ta ina ake farawa?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum. Ƙauyenmu na ƙasar Argungu, muna noma shinkafa rani da damina, ga gero a tudu. Amma da kaka 'yan sari ke kwashe hatsin da arha, zuwa watan Yuli magidanci ya dawo kasuwa yana awo da tsada. Gidaje 50 sun amince a yi rumbu na haɗin gwiwa. Buhu nawa za a tara, yaya za a adana, kuma wace doka za a kafa don kada abin ya watse?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, lissafi tukuna. Ba cimar shekara za ku tara ba, giɓin Yuli da Agusta za ku toshe kafin sabon gero ya nuna. In kowane gida zai auni kwano ɗaya a rana, gida 50 a kwana 60 kwano 3,000 ke nan, wato buhu 75 mai kwano 40. In ya yi nauyi ku fara da rabi.

Yawancin rumbunan da ke lalacewa, laima ce ke cin su tun ranar da aka zuba. Hatsin ajiya danshinsa kada ya wuce kashi 13 cikin 100. In babu na'urar awo, a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da cokalin gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a toshe, a girgiza, a bar shi minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin shanya, kuma a kan tamfol, ba a ƙasa ko bakin kwalta ba.

Gero ya fi daɗewa a dami, cikin rumbun ƙasa. Shinkafa a bar ta shanshera, a riƙa turarawa ana cashewa daidai buƙata, ɓawon nan kariya ne. Wake da masara kuwa sai buhun PICS: leda biyu a ciki, buhu a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure shi daban. Rashin iska ke kashe ƙwaro, don haka hujin ɓera ɗaya ya ɓata aikin, haka ma yawan buɗewa. A jera buhuna a kan katako, a bar tazarar kamu biyu da bango. Kada kowa ya yayyafa fiya-fiya ko Sniper a wake. Irin wannan ragowar guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ɗakin ajiyar kuma a gina shi a tudu, kowa ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa fadamun Kebbi.

Ma'aji:
Malam ya gama da ƙwaro, saura mutane. Wasu na ba da rancen buhu da damina, a biya buhu da kwano biyar da kaka. Wannan riba ce ƙarara, ranar da liman ya faɗa a huɗuba rabin mutanenku za su janye. In rance ne, kwano ya dawo kwano. Abin da ya fi tsafta shi ne ciniki: ƙungiya ta saya da kaka, ta sayar da damina ƙasa da farashin kasuwa, kuɗi hannu.

Kwanon awo ya zama ɗaya tak, da shi ake karɓa da shi ake bayarwa, a yi masa alama. Ƙofa kwaɗo uku, makulli a hannun mutum uku daga unguwanni daban-daban. A ƙayyade abin da gida zai saya a mako, in ba haka ba mai kuɗi zai turo yara su kwashe, washegari ku ga hatsinku a kasuwa. Ku yi rajistar ƙungiya, ku buɗe asusu mai sa hannu biyu. Gajiyayyu da marayu a buɗe musu littafi daban na zakkar hatsi: buhu ɗaya cikin 10 a noman damina, ɗaya cikin 20 in da injin ban-ruwa aka noma. Kada a cakuɗa shi da jari.

Ɗan Fadama:
Allah ya saka da alheri. To, a sayar a kan kuɗin da aka saya ke nan?

Ma'aji:
A'a, nan jari ke mutuwa. Kuɗin da ya sayi buhu 75 bana ba lallai ya saye su baɗi ba. Ku ƙirga jarinku da buhu, ba da naira ba. A ɗora kuɗin buhu, dako, mai gadi da ramar bushewa, sannan a tsayar da farashi tsakanin na kaka da na kasuwar ranar.

Uwar Ƙungiya:
Alhazai, duk gero da shinkafa kuke ta lissafi, to yaron da aka yaye fa? Kunun gero zalla ba ya gina jiki. A ware wani kaso na waken suya da gyaɗa: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, kowanne a soya shi daban kafin a haɗa a niƙa. Waken suyan da bai soyu ba yana ɓata wa yaro ciki. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a tsince a binne, gubarta hanta take ci kuma wuta ba ta kashe ta. Kada ma a ba kaji.

Sannan a sa mata a kwamiti, aƙalla biyu, su ne suka san gidan da bai ɗora tukunya ba. A yarda da awon rabin kwano. Turara shinkafar ma a ba matan gari aikin a biya su, dusar ta koma wa masu kiwo, maimakon a loda shanshera a mota a kai Birnin Kebbi.