Musayar waƙa: Gidan dariya na Jamestown

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum 'yan zaure. Na dawo Yamai. Wana da ke jihar New York ya kai ni garin Jamestown, gidan tarihin barkwanci da aka buɗe a 2018. Lucille Ball da George Carlin da za ku ji cikin waƙar 'yan barkwancin Amurka ne. Ga tsarabarku:

Ku matso ku ji, 'yan'uwa, na zo da labari,
Na ga gida guda da aka gina wa dariya.

Tun daga ƙofa za a ɗaura ma awarwaro,
Ka faɗi irin rahar da ke faranta ma zuciya.

Duk allon da ka taɓa ya san da zuwanka,
Ya zaɓo ma wadda kake so, babu tambaya.

Ga dandamali, ga makirfo, ga rubutu gabanka,
Ka hau ka gwada, nan za ka san raha da wuya.

Garin Lucille Ball ne, ita ta yi fatan a yi,
Takardun George Carlin na nan wurin ajiya.

Mu ina namu? 'Yan kamanmu sun tsufa,
Ba mu ɗau muryarsu ba, muna ta sharholiya.

Hajiya Ba'adara:
Sannu da hanya, ƙanena ɗan Yamai,
Ka ƙetare teku don abin da ke Tawa.

Zo ran Lahadi ka zauna tsakar kasuwa,
Bafillace da Ba'are na tsiya ba gajiyawa.

Wa ya ɗaura musu awarwaro a hannu?
Raha in ta shiga gilashi ta zama gawa.

Mai Alli: Allah shi ja kwana Hajiya! Adar ba ta ba mu kunya. Kuma tun 2014 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wasan taubasai na Nijar cikin gadon al'adun duniya, ba mu jira gini ba.

'Yar Yantala: Mai Alli, ko tari Hajiya ta yi kai waƙa kake ji. Baitin dandamalin nan ya fi nata duka.

Ɗan Bukoki:
Girmanki na nan, ba ni taka shi, yayata,
Amma zancenki yau ya saki hanya.

Je gidan tarihin Bubu Hama ki ga icen Tenere,
Da an bar shi hamada da ya dafa tukunya.

Ɗan kaman da ya yi wa tuwo kirari a bikinki,
Jikanki ya san shi? Ba ni amsa, Hajiya.

Mai Aruli: Ku dakata. Ɗan Bukoki, ɗangon George Carlin bai hau kowane kari ba, na dandamali kuma ya yi doguwar jela. Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa. Hajiya, ke ma "gajiyawa" jawo ta kika yi da ƙarfi.

'Yar Yantala: Malam, makaɗan kalangu da wane aruli, awon nan naku na waƙa, suka yi karatu? Rera shi ka ji, ya zauna daram.

Mai Aruli: Na rera, numfashi ya ƙare mini a tsakiya. Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Wanda ya zaɓi ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, ya auna gaɓoɓinsa.

Mai Alli: Na Yamai ne ya karye. Na Hajiya lafiya lau.

'Yar Yantala:
Mai Aruli ɗauki ma'auni ka je kasuwa,
Can ake awon gero, nan hira muke sha.

Mai Aruli: Wannan ko amsa-amon ma babu.

Sabon Shiga: Gafara dai. Gaskiya ne akwai ɗakin da yara ba su shiga?

Ɗan Bukoki: Gaskiya ne. Yana ƙasa, an ware shi don barkwancin batsa, sai mai shekara 18.

Hajiya Ba'adara: Wuta ta ɗauke mana jiya, sai yanzu na gani.

To ka ji gidan da kake yi wa kirari,
Har da ɗakin batsa, ina kunyar Hausawa?

Ɗan kamanmu na raye, yana unguwarmu,
Gemu ya yi fari, bakin bai san tsufa ba.

In da gaske kake, hau mota ka taho da na'ura,
Kuɗin goronsa wuyanka, masauki na Tawa.

Ɗan Bukoki: Na karɓa, yaya. Ki tambaye shi ko ya yarda a ɗauke shi hoto mai motsi, ko murya kaɗai.

Mai Aruli: Hajiya, baiti na biyu ya ƙare da "ba", sauran da "wa". A gyara shi kafin kowa ya hau mota.