Shawarwarin da aka tsayar kan ciyar da yara a ƙauyukan Kaltungo

Bayan an tashi sujada, 'yan Zumuntar Mata da dattawan ikkilisiya suka zauna kan yaran ƙauye masu kwana da yunwa. Ga abin da na tsinta.

Yunwa ta fi cizo a Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Saboda haka a sayi hatsi tun da kaka, kafin ya yi tsada.

An fi daɗewa kan kunu. Wata Mama ta ce kunun gero zalla cika ciki ne kawai. A soya waken soya da gyaɗa, a niƙa tare da geron. Ta yi gaskiya, kuma duk ana noma su a nan.

Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna yatsa wurin ya loɓa, tamowa ce mai tsanani. Wannan sai asibiti, ba kunu ba.

A fara gaida mai unguwa. Kada a tambayi yaro addininsa kafin a miƙa masa kofi, kada kuma a ɗauki hotonsa a sa a Facebook.