Taƙaitawar shawarwari kan girka manhajoji a kwamfuta

A tattaunawar da masu gyaran kwamfuta suka yi a Garwa, mafi yawansu sun yarda cewa girka manhaja ta hanyar shirye-shiryen da ke sauko da manhaja su girka ta da kansu, wato apt a Ubuntu (wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux), ko winget a Windows, ko Homebrew a macOS, ya fi aminci bisa sauke fayil daga shafin da ba a san asalinsa ba. Sun fi daɗewa a kan tsadar data, wadda ita ce damuwarmu a nan: fakitin Flatpak da Snap, waɗanda wasu hanyoyi ne na girka manhaja a Linux, suna da nauyi kuma suna cin data da yawa domin suna zuwa da kayan da suke bukata. An kuma ja kunne cewa idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar girkawa da apt, rubuta wa kwamfutar umarnin dpkg --configure -a bayan an sake kunna ta yakan ƙarasa aikin.