Ina son dasa kashu a gonar gado kusa da Daura, bohol ɗaya zai riƙe?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Mun raba gado bara, na samu gona hekta biyu a gefen hanyar Mai'adua, jigawa ce, gero da wake ake yi a cikinta tun zamanin kakanmu. Kuɗin sallamata daga aiki sun fito, ina tunanin in dasa kashu bishiya 200, in haƙa bohol ɗaya da sola. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rijiyar ƙauyen, ba ta kai taku ɗari uku daga iyakata ba, kuma daga ita mutane da dabbobi ke sha. Tambayata biyu ce: bohol ɗaya zai shayar da su daga ɗaukewar ruwa har faɗuwarsa? Kuma zai iya janye ruwan rijiyar mutane? Ba na son in nemi halal in kwashi haƙƙi.

Ɗan Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji kashu akwai kuɗi, masu fitarwa waje har gona suke bin mutum. Ka sa kawai, Allah ya sa albarka.

Na Zango:
Me ya kai ka kashu? Ka sa dabino, shi ne ɗan gida.

Malam Mai Lambu:
Baban Ummi, zauna ka ji nawa, don ni na riga ka shiga. Shekara biyar ke nan na haƙa bohol a gonata, mita 60, ranar da ruwa ya fito har rago na yanka. Na dasa mangwaro da kashu, duka 150. Shekarar farko da ta biyu lafiya lau, famfo na tashi da hantsi ya cika tanki kafin azahar. A shekara ta uku, wajen watan Maris, sai na fara jin bututu yana tari, ruwa ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. Mai gyara ya ce a ƙara sauke famfon ƙasa, aka sauke. Sati uku ya ƙone, don iska yake zuƙa. Na sayar da bijimai biyu na sayi wani.

Amma ba asarar famfo ce ta fi ci mini rai ba. Wata safiya na tarar da wata tsohuwa, sa'ar mahaifiyata, tana jirana a bakin shinge da guga a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai karkato gugan ta nuna mini, jan laka ne rabinsa, ruwan da ke sama bai kai kofi biyu ba. Ta ce, "Ɗana, tun ina amarya nake jan rijiyar nan, igiya gaba goma sha biyu ta ishe ni. Bana na ƙulla mata gaba huɗu, ga abin da nake samu." Na waiwaya na ga bishiyoyina shar da su, gindin kowace a jiƙe. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Magana ta je gaban mai gari, aka yi sulhu a kan in ja musu famfo ɗaya waje kuma in daina shayarwa da safe. Na yi. To ruwan da bai ishi gona ba ina zai ishi gona da gari? Kafin damina kashu sama da hamsin sun bushe, gara ta ƙarasa su. Mangwaron ne suka rayu. Har yau akwai gidajen da in na yi sallama a daƙile suke amsawa.

Hajiya Uwar Marayu:
Allah sarki. Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Maganar tsohuwar nan ta taɓa ni.

Injiniya:
Malam Mai Lambu, na tausaya maka, sai dai ba a yanke hukunci da rijiya ɗaya. Kafin ka dasa, an yi gwajin bohol ɗin, a bar famfo yana ja awa 24 ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa? Yawancinmu da an ga ruwa ya yi tsiri sai a hau kabbara a sallami masu haƙa. Baban Ummi, ga lissafi mai sauƙi. Ka ce kowace bishiya jarka ɗaya ta lita 25 a rana. Sau 200, lita 5,000 ke nan kullum, kurar 'yan ga-ruwa ashirin in kowace tana ɗaukar jarka goma. Ranin Daura wata takwas ne, wato lita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Kuma kashu a tsakiyar rani yake fure ya yi 'ya'ya, daidai lokacin da rijiyoyi ke ƙasa. Shi ya sa gidansa Kogi da Ogbomosho, inda sama ke shayar da shi. Nan ruwanmu na shekara da ƙyar yake kai rabin nasu. Batun janye rijiya kuwa, ya danganta ko ruwa ɗaya kuke sha ko naka yana can ƙasa da nasu. Lokacin gwajin ka sa mutum ya riƙa auna rijiyar ƙauyen da igiya, a gaban mai gari.

Malam Mai Lambu:
Injiniya, da girmanka, mai takarda irinka ne ya zo da na'ura ya zagaya gonata ya ce ruwa teku ne a ƙasa. Na biya shi. Da famfo ya ƙone wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Injiniya:
Wancan neman inda za a haƙa ya yi, ni gwajin ƙarfin ruwa nake faɗa. Abu biyu ne daban.

Sarkin Noman Unguwa:
Ku bar mai gona ya ji daga manoma. Wanda bai taɓa ɗaukar garma ba ya zo yana mana lita-lita.

Ɗalibar Noma:
Baba Sarkin Noma, a yi haƙuri, ai lissafin ne ke hana asara. Ba mu kaɗai abin ya sama ba. Jihar Kaliforniya a Amurka ita ke noma kusan kashi 80 cikin ɗari na almon ɗin duniya, ɗan itacen nan mai kama da gyaɗa da alhazai ke kawowa tsaraba, kuma ƙwara ɗaya tana cin ruwa kusan lita huɗu. Matsalar itace ita ce ba kamar tumatir ba ne da za ka ce bana babu ruwa na fasa. In ka dasa ka ɗaura wa kanka shayarwar shekara ashirin. A farin da suka yi daga 2012 zuwa 2016 masu kuɗi suka yi ta zurfafa bohol, rijiyoyin ƙananan gidaje suka ƙafe, a wasu wuraren ƙasar kanta ta lotsa. Sai a 2014 suka yi dokar taƙaita jan ruwan ƙasa. Ko Saudiyya da arzikinta ta haƙura da noman alkama na ban-ruwa zuwa 2016 saboda ruwan ƙasanta na ƙarewa.

Sarkin Noman Unguwa:
'Yata, daga gonar hekta biyu a hanyar Mai'adua kin kai mu Amurka.

Ɗan Autan Mama:
Alhaji ka shuka aya kawai. Ba bohol, ba sola, damina ta shayar, ka yi kunu ka sayar wa masu kashun in ƙishi ya kama su.

Baban Ummi:
Na gode duka. Injiniya, nawa haƙan yake kamawa yanzu da sola da tanki?

Ɗan Kasuwa:
Miliyan biyu da rabi na yi nawa, komai da komai.

Na Zango:
Yaushe rabonka da kasuwa? Ƙanena ya yi watan jiya, haƙa kaɗai miliyan uku, sola da famfo wani miliyan biyun.

Ɗan Kasuwa:
An dai cuce shi.

Malam Mai Lambu:
Ku bar gardamar kuɗin haƙa, wannan kuɗin shiga ne. Ku tambayi na shinge, don akuya ɗaya ta isa ta cinye maka dashen wata shida a yammaci guda. Ku tambayi na mai gadi da zai kwana kan sola.

Hajiya Uwar Marayu:
Ni abin da ke damuna ma cikin gari ne. Layinmu gida tara, bohol shida. Rijiyar gidanmu da muka gada ta ƙafe shekara uku ke nan, ba don gonar kowa ba, don kowa ya huda ƙasa a tsakar gidansa. Famfon gwamnati kuwa rabon da ya ɗiga tun kafin azumi. Yanzu jarka naira 150 nake saye, kuma gidana mutum goma sha ɗaya ne.

Na Zango:
Hajiya ku kuna da sauƙi, mu da zafin nan har 200 mun saya, kuma sai ka bi ɗan ga-ruwa kana roƙo.

Ɗan Autan Mama:
Mu 100 ne har gobe, amma ruwan gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa.

Sarkin Noman Unguwa:
Garin da ke da Kusugu, ga dam ɗin Sabke ga na Daberam a gefe, a ce mata na tashi da asuba bin layin ruwa. Lokacin muna yara har wanka muke a bakin famfon unguwa.

Hajiya Uwar Marayu:
Wallahi kuwa Baba. Jikata jiya ta makara makaranta saboda layin nan, aka yi mata bulala, ta dawo tana kuka da jarkar a ka.

Injiniya:
Masu bohol na gida su ma su riƙa ja wa maƙwabta famfo waje, ko na awa biyu ne.

Na Zango:
Wa zai biya wutar?

Baban Ummi:
Jama'a, har yanzu dai ina nan. Na kira mai garin, ya ce in zo ranar Juma'a bayan masallaci mu leƙa rijiyar tare. Injiniya, gwajin nan na awa 24, kafin a sa sola ake yinsa ko sai an sa? Kuma in na rage zuwa bishiya 60 fa?