Kwamfutar cikin gem: wayo gare ta ko magudi?

Bello Mabera: Jama'a jiya na kwana ina buga Civilization VI, gem na gina ƙasa da yaƙi, a matakin Deity, wato mataki mafi wuya, kuma na ƙara tabbatar da abin da nike faɗi kullum, kwamfutar cikin wasannin ga ba ta da wayo, magudi kawai ta iya. Kai an ba ka mai kafa gari ɗaya, ita an ba ta uku da ƙarin sojoji, komi nata ya fi naka saurin ginuwa, amma in anka zo fagen yaƙi sai ta dinga turo sojoji ɗai-ɗai suna mutuwa bakin ganuwa. Lalaci na ya hana masu gina gem su yi mai hankali.

Nasiru: Magudin kam akwai shi, su ma ba su ɓoye ba. Amma lalaci? A'a Bello ka yi masu adalci.

Aliyu Runjin Sambo: Ni ina bayan Bello. Tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta kada Kasparov, zakaran duniya, a darar Turawa, a 2016 kwamfutar AlphaGo ta ci gwani Lee Sedol 4 da 1 a wasan Go, wata irin dara ta Asiya, to mi ya rage kuma?

Hadiza: Yaya Aliyu ba ɗaya ba na wallahi. Ɗauki dararmu ta gida, gidaje 30, kowa da ɗiya 12, komi a fili yake gabanka, ka taka in taka. Irin wanga shi na abincin kwamfuta, sai ta lissafa in ya yi kaza in yi kaza har ta hango nesa. Amma gem na yaƙi rabin taswirar a rufe take, ba ka san mi abokin gaba ke ginawa ba sai ka aika ɗan leƙen asiri, ga noma ga haƙar zinare ga sojoji ɗari kowane da inda zai iya nufa, a irin su StarCraft ma duk lokaci guda suke motsi ba mai jiran wani. Lissafin yawa yake yi har ya fi ƙarfin na'ura. Shi ya sa mafi yawansu dokoki anka rubuta masu da hannu, in ka ga kaza yi kaza, kai kuwa da ka buga sau goma ka gano dokar shi ke nan ka gama da ita.

Aliyu Runjin Sambo: To AlphaStar fa, kwamfutar da kamfanin DeepMind ya ƙera? A 2019 ta kai matakin Grandmaster, matakin ƙoli na 'yan wasa, a StarCraft II.

Hadiza: Ta kai, amma kwana 44 DeepMind sunka yi suna horar da ita bisa manyan injinan Google, ba laftop irin ta Bello mai zafi da rana ba. Kuma wani samfurinta na farko da ya ci MaNa, ƙwararren ɗan wasa ɗan ƙasar Poland, 5 da nema, da anka taƙaita ma samfurin gani ya koma kallon fili awa mutum, MaNa ya cinye shi a Janairun 2019, ya dinga kai mashi ɗan hari ta bayan gida yana janyewa, shi ko yana ta kai da komo da rundunarshi. Sannan duk sadda kamfani ya sauya ƙarfin wani soja a gem, horon sai an sake taɓa shi.

Malam Umaru: Ku bari in sa baki, ni ban buga gem amma na yi shekaru ina dara bakin kasuwa. In ina koya ma yaro ba ni cinye shi kullum, ina bar mashi ƙofa ya gani da kanshi, in ba haka ba gobe ba ya dawowa. Ina jin masu sai da abin ga su ma ba su son wanda ba a iya kadawa.

Nasiru: Allah shi ƙara girma Malam, nan na maganar take. Wa zai sayi gem da kuɗinshi a yi ta dukanshi?

Bello Mabera: Malam na yarda da kai, amma kai ƙofa kake bari da sani, ita kuwa ba ta ma san akwai ƙofa ba, bambancin ke nan da ke ci mani rai. Ban ce a kawo wadda ba ta kaduwa ba, cewa na yi ta ci ni da dabara ba da kyautar zinare ba. Age of Empires II na asali a mataki mafi wuya ana ƙara ma kwamfuta dukiya, amma a Definitive Edition, sabon fitowarshi na 2019, an daina, kuma tana ba mutum wuya sosai. Ashe ana iyawa.

Hadiza: Ana iyawa, amma duba tsakanin 1999 da na asali ya fito da 2019, shekara 20 ana gyara. Ni yanzu haka ina gwada rubuta kwamfuta mai buga dara, sa ta ci ni bai ɗauke ni dogon lokaci ba, abin da ya tsaye mani shi na yadda za ta yi kuskure irin na mutum ba irin na wawa ba. Malam don Allah in na zo Asabar za ka nuna mani irin ƙofofin da kake bar ma yara?

Malam Umaru: Ki taho bayan la'asar ɗiyata, ki zo da takarda da biro.