Baƙin mai na ɗiga a ƙarƙashin mota: wa ya taɓa fama da wannan?

Mai Corolla, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Corolla ƙirar 2006. Sati uku ke nan, kullum da safe in na ja motar baya sai in tarar da tabon baƙin mai a siminti. Da farko bai wuce faɗin murfin kwalba ba, yanzu ya kai tafin hannu. Na kai wa makanike, ya leƙa ƙasa kawai ya ce sil ɗin bayan injin ne, wato robar da ke hana mai fita a mahaɗar injin da giya, sai an sauke giya. Hankalina bai kwanta ba, don ko minti biyu bai yi yana dubawa ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ya ƙare.

Direban haya, Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a taɓa giyar nan tukuna. Ni an yi mini haka. Aka sauke giya, aka sa sabon sil, motar ta kwana biyu a gareji ban yi lodi ba. Washegari na sake ganin mai a ƙasa. Ashe ɗan suwic ɗin nan ne da ke kunna jar fitilar mai ya tsage, abin da bai fi babban yatsa ba. Mai yana fita ta can, ya bi jikin injin ya gangaro, in ina gudu iska ta kora shi baya. Inda ya ɗiga daban, inda ya fito daban.

Makanike, Kaduna:
Oga direba ya faɗi gaskiya. Injin da ya yi dumu-dumu da mai da ƙura, babu wanda zai kalle shi ya san inda yake yoyo, sai dai ya yi canki. Ga yadda nake yi. A bar injin ya huce, a rufe altaneta da inda wayoyi suka haɗu da leda, a wanke shi tas, sama da ƙasa, a bari ya bushe. Da dare ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin motar. Da safe kwalin zai nuna maka abu biyu: gefen da yake ɗiga, da launinsa. Na injin baƙi ne ko ruwan ƙasa, na giyar otomatik yawanci ja ne.

Bayan haka sai a samu hodar jarirai a barbaɗa a wuraren da ake zargi, a tayar da mota ta yi kamar minti 15, a haska da tocila. Mai zai ja layi a kan farar hodar. Ka bi layin nan zuwa sama har inda ya fara. Can ne ciwon yake.

Malam, wane gefe ne yake ɗiga? A motarka giya tana gefen direba. In sil ɗin baya ne, a mahaɗar injin da giya za ka ga ɗigon. In kuwa gefen fasinja ne, wajen bel, ina zargin robar tenshina, wato abin da ke tamke sarkar taimin ta cikin injin don kada ta yi sako-sako. Injin da ke cikin Corolla na 2003 zuwa 2008, wato 1ZZ, in ya kwana biyu wannan 'yar zoben robar takan bushe ta yi tauri. Tenshinar tana jikin injin ta ɓangaren da ke kallon cikin mota, noti biyu ke riƙe da ita.

Malamar makaranta, Katsina:
Ni tawa ta fara ne ranar da aka yi mini juye. Ban yi nisa ba na ji ƙauri, na tsaya, sai ga mai yana tsiyaya kamar famfon da ba a rufe da kyau ba. Da aka kwance filta sai aka ga robar tsohuwar ta manne a jikin injin, yaron ya ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu ke nan. Allah Ya sa na tsaya da wuri. Tun daga lokacin ba na barin wurin juye sai an tayar da mota na ga ƙasanta a bushe.

Makanike, Kaduna:
Hajiya, Allah Ya kiyaye gaba. Irin wannan ne kuma da notin juye. Akwai 'yar wosha a jikinsa da ya kamata a riƙa sauyawa, amma sai a mayar da tsohuwa a ɗaure da ƙarfin tsiya har zaren ya cinye. Daga nan sai a shiga lafta gam, wanda ba ya magani.

Ɗan kasuwa, Gusau:
Nawa darasin mai ɗaci ne. Na ga ɗigo na raina shi, na ce ai ciko zan riƙa yi. Wani ya ba ni shawarar in koma mai kauri, na koma, ɗigon ya ɗan ragu na ɗauka an gama. Rannan a hanyar Funtuwa jar fitila ta kama, na ce bari in lallaɓa zuwa gari. Ban kai ba injin ya yi nokin. Wannan fitilar ba cewa take mai ya ɗan ragu ba, cewa take ƙarfin tura mai ya faɗi, ƙarfe na cin ƙarfe. Kafin ka gyara, Malam, ka riƙa zaro ma'aunin mai kullum da safe, a wuri mai daidai, kafin ka tayar da mota.

Tsohon direban ma'aikata, Jos:
Yarana, ku ƙara da wannan. In an gyara nan can ya ɓalle, a duba ɗan bawul ɗin numfashin injin da ke kan murfin sama, wanda ake kira PCV. In ya toshe, iskar da ke taruwa a ciki ba ta da hanyar fita, sai ta tura mai ta kowane sil. Sau biyu aka sauya mini gasket ɗin murfin sama kafin a gano shi. Cika mai ya wuce alamar sama ma yakan jawo haka.

Mai Corolla, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na wanke injin ranar Asabar, na sa kwali. Ɗigon a gefen fasinja yake, wajen giya kuwa a bushe ƙarau. Muka sa hoda, layin ya kai mu daidai tenshinar nan da Oga na Kaduna ya faɗa. Da aka zaro ta, robar ta yi tauri kamar busasshiyar fata, ina lanƙwasa ta ta karye. Na sayo sabuwa a Ƙofar Ruwa, aikin bai kai awa ɗaya ba. Yau kwana biyar kwalin bai ga ko ɗigo ba. Baba na Jos, gobe in sha Allahu zan sa a duba bawul ɗin nan ma.